Hannun da Ba a Gaisawa da Shi

Ni dai tun ina ƙarami an san ni da ƙarin gishiri. In na ga ɓera a ɗaki, kafin in kai tsakar gida ya zama gafiya, kafin in kai zaure ya fara kama da ɗan akuya. Mahaifiyata takan ce in na ba da labari a kasa shi uku, a zubar da kashi biyu, ragowar a wanke da sabulu. Ban taɓa ganin aibin abin ba sai shekarar da bakina ya kusa raba Kawu da babur ɗinsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, Bafulatani, dillalin shanu. Gidansa yana Tumfure, can inda gine-gine ke ƙarewa gonaki su karɓa. Yana da wani babur irin na shiga daji, mai dogayen ƙafafu kamar raƙumi, da ya saya a gwanjo. Da shi yake bin rugage da kasuwannin ƙauye. In ka raba Kawu da babur ɗin nan ka raba shi da sana'a, da abokai, har da dalilin sa hula da safe.

To sai wani bijimi ya taka masa ƙafar dama a kasuwa. Ƙashi ya ɗoru, amma idon sawun ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Ƙafar dama kuwa ita ke taka birkin baya. Kawu bai faɗa wa kowa ba, ya ci gaba da yawo da birkin gaba kaɗai. Wanda ya san yashin Tumfure ya san ƙarshen zancen: ya damƙe birkin gaba a cikin yashi, babur ya tsaya, shi bai tsaya ba.

Babbar 'yarsa, wadda nake kira Adda, ma'aikaciyar jinya ce, kuma taubashiyata. Ita ta wanke masa ciwon, tana gamawa ta zare makullin babur ta jefa a jakarta.

"Baba, an gama," in ji ta. "Sayar da shi za a yi."

Fulako, kunyar nan ta Fulani, ya hana Kawu roƙon 'yar cikinsa. Sai ya koma zama a ƙofar gida kan tabarma, yana kallon babur, babur yana kallon sa. Sati biyu a haka ya rame kamar saniyar rani. Ni na kasa jurewa.

Na ce, "Adda, in aka ɗauke birkin baya daga ƙafa aka mayar da shi hannu fa?"

Ta ce, "Kai bawan gidanmu, yaushe ka zama injiniya? Fitilar gidanku ma sai an kira mai gyara."

Na ce, "Ni na gyara jirgin da ya kai ki Makka."

"Ban je ba tukuna."

"To kin ga bai faɗi da ke ba."

Daga ƙarshe ta gindaya sharaɗi. Za ta ja layi a kan hanyar ƙofar gida. Kawu zai taso daga gindin darbejiya da gudunsa na kullum, ya tsaya kafin layin da birkin baya. In taya ta haye layin, babur ya tafi kasuwa. Ta ba ni wata ɗaya. Makulli kuwa yana jakarta har ranar.

Na loda babur a bayan wata a-kori-kura na shiga gari. Birkin bayan na mai ne, ba na sanda ba. Wato akwai wani ɗan tulun ƙarfe da makanikai ke kira masta, in ka taka sai ya tura mai ta cikin tiyo, man ya je ya matse faifan taya. Abin da nake nema shi ne masta da za ta zauna a hannun hagu, ƙarƙashin kuloci. Na zaga shagunan kayan babur har takalmina ya fara gaishe ni. Duk wadda aka ɗauko, ko ta yi girma, ko ta tokare kuloci. Wani tsohon makanike ne ya ce mini, "Wannan ba saye ake yi ba, ƙerawa ake yi. Je ka wajen Oga a Bagadaza."

Oga Ibo ne, mai furfura a gemu, ya shekara a Gombe fiye da shekaruna a duniya. Hausarsa ta fi tawa tsabta, har Fulatanci yana taɓawa. Shagonsa rumfar kwano ce, a tsakiya ga injin sassaƙar ƙarfe, dogo, kore, ya tsufa har lambobinsa sun goge. Ya zagaya babur sau biyu, ya tsuguna, ya leƙa, ya auna sararin da ke ƙarƙashin kuloci da wani ma'auni mai baki kamar na kada.

Ya ce, "Ina mai babur ɗin?"

"Yana Tumfure."

"Kawo shi. Ba na yi wa mutum birki ban ga hannunsa ba."

Ni kuma na tuna nisan Tumfure a keke-napep, na tuna Kawu ba zai so a zagaya da shi gari kamar majinyaci ba. Sai bakina ya karɓi aikin.

Na ce, "Oga, hannun Kawu kake tambaya? Mutumin da yake kama bijimi ta ƙaho ya kwantar da shi kamar yana shimfiɗa tabarma? Ran nan ya gaisa da wani mahauci, har yau da cokali mutumin yake cin tuwo. Kwakwa ma ba ya neman dutse in zai fasa ta."

Oga ya dube ni ta saman tabarau. "Ka tabbata?"

"In ƙarya nake yi, kada in ga kwabon bana."

Ya ce abin da ya sa yake tambaya, wurin ya matse. Hannun birkin ba shi da filin tafiya mai nisa, kuma da yatsu biyu kawai za a ja shi, tunda sauran suna riƙe da kan babur. In mai shi ƙaƙƙarfa ne, zai yi ramin masta mai faɗi, jan kaɗan ya isa. Ni da na ji "mai faɗi" sai na ji daɗi. A wurinmu ai babba shi ne mai ƙarfi: babban sa, babbar mota, babban malmala. Na ce ya faɗaɗa iya faɗaɗawa.

Kwana uku na tare a shagon nan, don abin ya ɗaure mini kai. Ni a zatona zai fara da ƙarfe. Ina! Sai da ya fita kasuwa ya samo 'yar robar da ke zama a kan fistin, wato ɗan sandan da ke tura man. Ya ce roba ba a sassaƙa ta, saboda haka ita ake yi wa ɗaki daidai jikinta, kamar amarya.

Sannan ya ɗauko guntun alminiyam mai kaurin rake, ya sa a bakin injin, haƙora uku suka cije shi. Da ya kunna, ƙarfen ya kama juyawa har ya daina ganuwa sosai, ya matso da wata 'yar wuƙa. Sai ga ƙarfe yana fita siri-siri yana nannaɗewa kamar taliya. Wallahi na ɗauka ƙarfe abu ne mai taurin kai, ashe bai gamu da Oga ba ne. Ya huda tsakiya da ƙaramin abin huda, ya sake da babba, sannan ya zura wata siririyar wuƙa ciki tana shafto kaɗan-kaɗan. Ya yanka, ya tsaya, ya auna. Ya yanka, ya tsaya, ya auna.

Na ce, "Oga, wannan abin da kake cirewa ai ko ƙuda ba zai gani ba."

Ya ce, "Ƙuda ba zai gani ba, mai zai gani. Mai ya fi maƙwabciya iya gano ƙofa."

Da ramin ya kai, sai ya naɗa sanfefa mai laushi a jikin sanda, ya jiƙa da kananzir, ya yi ta goge cikin har ya zama madubi. Na leƙa na ga idona yana leƙo ni. Daga nan ya huda wasu ramuka biyu a sama inda kofin mai zai zauna. Ɗaya bai fi kafar allura ba.

Na ce, "Wannan kuma na numfashin sauro ne?"

Ya ce wannan ɗan ramin shi ne limamin aikin. In an saki birki, ta nan man yake komawa kofi. In babu shi, mai ya yi zafi ya kumbura, babur ya kama birki da kansa a tsakiyar titi ba wanda ya aike shi. Ya ɗauki kusan rabin awa yana share bakin ramin don kada ya yanki roba. Da na ɗauko fetur zan taya shi wanke robar, ya buge mini hannu kamar na taɓa naman miya. Fetur yana kumbura ta, in ji shi, man birki kaɗai take sha.

Rana ta huɗu aka ɗaura, aka zuba mai, aka cire iska. Na ja hannun birkin da hannuna duka, taya ta tsaya cak. Na ce Oga ya fi Turawa, na loda babur na koma Tumfure.

Saura kwana goma wa'adi. Na ce wa Kawu mu gwada a ɓoye. Ya ce ai babu makulli. Na ce Adda makulli ta hana, ba ta hana gangara ba. Bayan gidan akwai wata 'yar gangara da ta sauka zuwa gonar maƙwabci. Kawu ya hau, na tura shi, na koma gefe ina jiran in ga ƙura ta tashi.

Babur ya tafi. Ya ci gaba da tafiya. Na ga kafaɗar Kawu ta hagu ta ɗaga, wuyansa ya yi jijiya, babur ko a jikinsa. Birkin gaba kuma yana tsoron sa tun faɗuwar nan. Haka ya shige gonar dawa, karare suka rufe shi, sai hularsa da ta maƙale a kan wata zangarniya tana lilo.

Na ruga, na ciro hular, na same shi zaune a kan babur, dawa ta riƙe shi ta ko'ina.

"Kawu, lafiya? Birkin bai kama ba?"

Ya karɓi hularsa ya kaɗe. "Ya yi."

"Ya yi? Kawu, a gonar mutane muke."

"Birki ya yi. Gonar ce kusa."

Na kafe babur, na ɗaga tayar baya, na ce ya ja in gani. Ya sa yatsu biyu ya ja. Na juya tayar da hannu ɗaya, ta juya salin-alin. Ni na ja, ta tsaya. Shi ya ja, ta juya. Muka dubi juna, ya kau da kai yana duban gabas kamar ana kiran sa a can.

Washegari na sa shi a keke, babur a a-kori-kura, sai Bagadaza. Oga ya fito ya gaishe shi da Fulatanci, har da rusunawa. Suka yi musabaha. Na ga Oga ya ɗan yamutsa fuska, don hannun daman Kawu kam ba wasa, igiyar shanu ta gina shi.

Na ce, "Ka ji ko? Na faɗa maka!"

Oga ya ce, "Wannan na dama ne. Birkin a ina yake?"

Sai a lokacin na tsaya na yi tunani: shekara talatin da wani abu ina tare da Kawu, ban taɓa riƙe hannunsa na hagu ba. Wa zai riƙe? Ba a gaisawa da shi, ba a cin abinci da shi, ba a miƙa kuɗi da shi. Kullum yana cikin hannun riga ko yana bayan sanda. Duk garin nan ba wanda zai iya ba da shaida a kan hagun wani. Ni kuma na je na rantse a kansa.

Kafin a zo kan wannan, Oga ya ce sai ya wanke mini kai. Ya jawo akwati ya fito da sirinji biyu na allura, babba da ƙarami, ya cika su da ruwa. Ya ce in toshe bakin babban da yatsa, shi kuma ya danna da ɗan yatsa ɗaya. Na riƙe ruwan ba wahala. Ya ce to toshe ƙaramin. Ya danna da yatsan nan dai, ruwa ya ɓalle ta gefen yatsana ya wanke mini ido.

Na ce, "Tsafi!"

Ya ce, "Ƙusa da taɓarya, wanne ke shiga katako in ka danna?"

"Ƙusa."

"To. Ƙaramin rami yana tara ƙarfin hannu wuri ɗaya. Sai dai zai yi tafiya mai nisa kafin ya tura man da ake so. Babban rami tafiya kaɗan, amma sai ƙato. Kai ka ce mini ƙato za ka kawo."

Na karɓi sirinjin nan na yi ta dannawa, babba, ƙarami, babba, ƙarami, har na jiƙa rigata. Wai ƙarami ya fi babba ƙarfi. Har yau in na tuna sai in ji kamar an zolaye ni.

Sai Oga ya goge hannu da tsumma, ya juya wajen Kawu, ya miƙa masa hannun hagu. Ya tallafe gwiwar hannun da damansa, yadda ake yi wa manya.

Kawu ya ja da baya. "Subhanallahi. Hagu?"

Oga ya ce, "Baba, a garinmu ma in na miƙa wa babba hagu sai an kira taron dangi. Wannan ba gaisuwa ba ce, awo ne. Tela ma yana sa igiyarsa inda ba a taɓawa."

Kawu ya waiwaya. Ya dubi titi, ya dubi masu walda na maƙwabta. Sannan ya dube ni.

"Kai, juya bayanka. Bakinka ya fi rediyo."

Na juya. Amma Allah ya sa madubin babur yana gabana, ni kuma ba a ce in rufe ido ba. Na ga ya zaro hannun daga cikin riga a hankali. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, manunin ya karkace. Oga ya miƙa yatsunsa biyu, Kawu ya kama da nasa biyu ya matsa. Na ga yana cije leɓe. Oga bai ko motsa ba. Suka yi haka sau uku. Sannan Oga ya buɗe tafin hannun, ya auna tsawon yatsun da ma'auninsa, ya rubuta a jikin bango da alli.

Na jira in ji ya ce hannun ba ƙarfi. Sai ya ce, "Baba, hannunka lafiya lau. Laifin na wanda ya kawo awo ne. An aiko shi da awon mutum ya kawo na bijimi."

Kawu ya ce, "Tun yana yaro haka yake."

A keke muna komawa, har mun wuce Barunde. Can sai Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tun daminar bara yatsun ba sa rufuwa da safe sai rana ta ɗaga. Kuloci kuwa da hannu duka yake jan sa, shi ya sa ba a gane ba. Na buɗe baki zan ce wani abu, ya ce, "In zancen nan ya fita, na san ta inda ya fita."

Masta ta biyu ta ci kwana biyar, don biyu daga ciki ba wuta. Oga ya samo roba ƙarama, ya sassaƙa sabon tulu siriri, ramin bai fi a zura fensir mai kauri ba. Tunda yanzu hannun birkin zai yi doguwar tafiya, sai ya sunkuyar da shi ƙasa da kuloci, ya ƙera shi da ɗan lanƙwasa daidai karkacewar manunin Kawu. Da na ja da ƙaramin yatsana taya ta tsaya, sai na ce, "Oga, wannan ko jariri..." Ya ɗaga mini ma'auni. Na haɗiye sauran.

Ranar Asabar da hantsi Adda ta zo da jakarta. Ta ja layi da ƙafa a kan hanya, ta tsaya a gefensa ta riƙe ƙugu. Matan gida suna leƙe ta katanga. Ta miƙa wa Kawu makulli.

Ta ce mini, "Bawan gidanmu, na riga na yi magana da mai saye."

Na ce, "Ki ce masa ya sayi jaki."

A baki ne kawai.

Kawu ya tayar da babur, ya tafi gindin darbejiya, ya juyo. Ya taho da gudun da ya fi na kullum, don fulako ba ya barin mutum ya yi abu da sauƙi. Ina kallon hannun hagun nan. Yatsu biyu suka sauka, suka ja. Tayar baya ta ja ƙasa, ƙura ta tashi, babur ya ɗan yi wutsiya ya miƙe. Da ƙura ta lafa, tsakanin tayar gaba da layi akwai kamu ɗaya. In ni ne mai ba da labarin yadda na saba, da na ce taku goma. Kamu ɗaya ne.

Adda ta zo ta duba layi, ta duba taya. Sannan ta tsuguna tana kallon sabon hannun birkin, ta bi lanƙwasar da yatsa. Ta daɗe a wurin. Ta miƙe, ba ta tambayi kowa ba, ta kama hannun hagun mahaifinta ta juya shi a tafinta. Kawu ya so ya janye, ta riƙe.

Ta ce, "Ni da nake ganin yadda kake ɗaukar buta, ka ɗauka ban sani ba? Jira nake ka faɗa."

Kawu ya dube ni.

Na ce, "Wallahi Kawu ba ni ba ne! Karo na farko a rayuwata!"

Ta ce makulli nasa ne, amma ranar Litinin zai biyo ta asibiti a duba yatsun, kuma a kan babur ɗin zai kai ta, tana baya tana kallon hannun. Kawu ya ce Litinin akwai kasuwa. Ta miƙa tafin hannu alamar a dawo da makulli. Ya ce kasuwar ba ta ci sai azahar.

Ya juya babur zai fita. Na ce ya rage mini hanya zuwa bakin titi, tunda ni na yi wahalar nan duka. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce an auna birkin nan da nauyin mutum ɗaya ne, bai san ko zai ɗauki mutum da bakinsa ba. Ya ba shi wuta ya bar ni a kan layin Adda.